Marayan Sarkin Girka a Murfin Adakar Kaka

Jiya na ga tsohon hoton matashin sarkin Girka da amaryarsa a waya, sai ƙamshin kafur na adakar kakata ya dawo mini. Irin hoton ta yago daga jarida ta liƙa a murfin.

Na taɓa ce mata, "Kaka, wannan ya dace, ga sarauta ga aure."

Ta harare ni. "Sai da ubansa ya rasu aka naɗa shi. Wa ya karɓa masa auren?"

Da aurena ya zo babu mahaifina, da kanta ta hau babur har Mai'adua, ta taho da baffana ya karɓa mini.

Allah, ba ta bar ni ni kaɗai ba. Kada Ka bar ta ita kaɗai a kabarinta.