Kankanar Inna da Tafiyarmu Sakkwato

Mun tashi da asuba, amma ba mu bar Funtua ba sai da gari ya waye tangaran, don duk wanda ya san hanyar Gusau a 'yan shekarun nan ya san ba a yi mata sammako irin na da. Mu uku ne a motar: ni, da mahaifiyata da muke kira Inna, da wani abokina da ya ɗauki nauyin tuƙi. Ta huɗunmu kuwa kankana ce, ƙatuwa, Inna ta rungume ta a cinya a kujerar baya. Na ce a sa ta a but, ta ce maganinta ba zai zauna wuri ɗaya da taya da jarkar mai ba.

Bari in gaya muku yadda kankana ta zama magani a gidanmu. Inna ta daɗe tana fama da yanar ido. Abin ya fara kamar hazo, har ya kai ta ajiye Alƙur'aninta mai manyan baƙi, ta daina tsintar shinkafa, in za ta fita tsakar gida sai ta bi bango. Ko da wasa aka ambaci asibiti sai ta ɓata rai, kuma ban ga laifinta ba. Tana budurwa aka kai yayarta wurin wani mai cire yana na gargajiya, irin masu yawo kasuwa-kasuwa, ta dawo ba ta ƙara ganin komai ba har ta koma ga Allah. To, ana nan sai Inna ta ji a wani shirin lafiya na rediyo cewa kankana na gyara ido. Shi ke nan, ta samu mafaka. Safe kankana, rana kankana, mai turo baro a unguwarmu har ya san ƙofarmu fiye da ta gidansu. Ido kuwa kullum ƙara rufewa yake, ni kuma tsoro ya cika ni, don na ga makanta tana tahowa ƙiri-ƙiri.

Abu biyu na san ba za ta ƙi ba: ganin ƙanwata da ke aure a Sakkwato, da ziyarar Hubbaren Shehu, wadda ta yi shekaru tana buri. Da su na yi mata tayin tafiyar. Maganar asibitin ido kuwa na bar ta a cikina, ina ta addu'ar Allah ya kawo dalili.

Hanya dai sai godiya. Wani wurin sumul, har direbanmu ya fara yabon 'yan kwangila, wani wurin kuma ramuka su sa ya janye yabonsa. Shingayen jami'an tsaro ba su ƙirguwa. A kusan kowanne, da an leƙo an ga tsohuwa rungume da kankana sai a yi murmushi a ɗaga mana hannu. A Gusau muka karya da waina da miyar taushe, mai zafi, wadda ta sa na manta da ciwon bayan da ramuka suka sa mini. Daga Talata Mafara kuwa bakin titi ya koma kasuwa: albasa, tumatir, dankali, rake, ga kankana tuli-tuli. Abin da zai saya maka yanka kaɗan a Funtua, a nan guda sukutum za a miƙo maka, har da godiya. Na gaya wa Inna, ta ce lallai mutanen nan ba su san darajar abin da Allah ya ba su ba.

Muna wuce Tureta zafi ya fara gabatar mana da kansa. Na sha jin labarin ranar Sakkwato, na ɗauka ƙari ne irin na matafiya. Wallahi ba ƙari, iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu take fitowa. Muka bi Dange da Shuni muka shiga gari bayan azahar. Gari ne mai faɗin tituna da natsuwa, 'yan kabu-kabu na ta kai da kawo, ga kuma keke mai ƙafa uku da na ji wani ya kira agwagwa da buje, sunan da ya sa abokina dariya har ya kusa wuce kwanar da za mu shiga.

Gidan surukan ƙanwata yana Ƙofar Kware, cikin lungu, inda gidaje suka haɗa kafaɗa. Gidan malamai ne, tun daga zaure kake jin ƙamshin turare da tsofaffin littattafai. Uwar mijinta, wadda kowa ke kira Hajiya, ita ke karantar da matan unguwa. Inna tun a mota take gyara lulluɓi, don kun san kunyar surukai ba abin wasa ba ce a wurin mutanen da.

A nan ne abin da ya faru ya faru. Muna shiga tsakar gida ƙanwata ta fito da gudu cikin dogon hijabi za ta rungume ta. Inna ta ga inuwar mace ta nufo ta, sai ta ɗauka Hajiya ce. Kafin kowa ya ankara ta zube ƙasa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta shiga jero gaisuwa: an wuni lafiya, ya iyali, ya ɗawainiya da yarinya, Allah ya saka da alheri. Uwa durƙushe gaban 'yar da ta haifa! Ƙanwata ta sunkuya kusa da ita ta ce:

"Inna, ni ce fa."

Na so in yi dariya, amma da na ga Inna ta ƙara jan mayafi ta sunkuyar da kai sai dariyar ta koma mini ciki, tausayinta ya kama ni. Hajiya tana bakin ƙofar ɗakinta, ta ga komai. Sai ta yi kamar yanzu ta fito, ta ɗaga murya:

"Maraba da baƙin Huntuwa! Kun sha hanya. Ku shigo daga ciki, ranag ga ba ta da kunya."

Ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan abin ba. Aka kawo fura mai sanyi da ta sha nono, wadda tun da nake ban taɓa shan mai daɗinta ba, aka bi ta da tuwon shinkafa. Inna ta ɗan taɓa kaɗan ta ture kwano, ranar ko kankanarta ba ta nema ba.

Washegari muka je Hubbare. Mutane ne daga ko'ina, wasu da jin harshensu ka san sun ƙetaro iyaka, kowa ya cire takalmi ya sassauta murya. A waje masu carbi da turare da littattafai sun baje kaya. Inna ta yi addu'o'inta ta daɗe, ƙanwata na riƙe da hannunta. Da muka fito na tambaye ta yadda ta ga wurin. Ta ce, "Na dai zo."

Da la'asar Hajiya ta zauna kusa da ita, ta ce, "'Yar'uwa, na ji an ce kina son kankana. Yayana ad da gona Dundaye. Gobe in Allah ya kai mu, mu tahi ki zaɓa da hannunki." Tayin suruka ba a ƙinsa, balle tayin kankana.

Dundaye tana bayan gari kaɗan, kuma da ka gangara fadama sai ka rantse ba ƙasar da ta gasa ka jiya ba ce. Kore shar, injinan ban ruwa na ta tatata, kankana kwance cikin yaɗo ko'ina. Yayan Hajiya dattijo ne siriri mai farin gemu da son raha. Ya shimfiɗa mana tabarma a gindin mangwaro, ya ɗauko guda ya ƙwanƙwasa, ya fasa. Ja wur, ga zaƙi, ga sanyin ƙasa. Inna ta ci, fuskarta ta saki a karo na farko tun zuwanmu, har ta gaya wa Hajiya cewa ai wannan ita ce maganin idonta.

Dattijon ya yi dariya har da buga cinya.

"Tun ina yaro nike cikin kankanag ga. Ni ka shuka ta, ni ka shan ta, bisashena ma sun gaji da ɓawonta. Dud da hakanan yana taz zo ta ruhe min ido, sai da anka yi min aiki asibiti. Da kankana na ɗauke yana, ai da ni aka aikawa duban watan azumi."

Inna ta ajiye yankan da ke hannunta. Da yake suruki ne, ba ta yi masa magana kai tsaye ba. Ta juya wajen Hajiya, alhali mutumin yana zaune a gabanta, ta ce, "Ki tambayar mini shi, da zafi?"

"Ki ce mata ƙayar da ni ka takawa cikin gona ta hi shi zahi."

"Ki ce masa yayata aikin ido ne ya makanta ta."

Dattijon ya daina dariya. Ya tambayi wanda ya yi aikin, aka gaya masa. Ya ce, "Allah shi jiƙanta. Waɗancan tura yanar su kai ciki da tsinke. Na asibiti hidda ta su kai, su sa wani abu garai madadinta. Ga ni, ga idona." Ya nuna can ƙarshen gona ya faɗi launin rigar wani mai ban ruwa da ni kaina sai da na ƙanƙance ido na hango shi.

Sai a lokacin na gane ba don kankana Hajiya ta kawo mu ba. Ta ga abin da ya faru a tsakar gidanta, ta san in ta yi magana Inna za ta ji kunya, sai ta kawo ta inda maganar za ta fito da kanta. A hanyar komawa, muna shiga gari sai Inna ta ce, "A je a duba. Dubawa kawai na ce."

A asibitin idon muka sami layi, yawanci tsofaffi, kowa da ɗan jagoransa. Likitar mace ce mai haƙuri. Da Inna ta kawo mata zancen rediyo, ba ta yi mata dariya ba. Ta ce ba ƙarya aka faɗa ba: kankana tana da bitamin A, wanda ido ke buƙata don gani in haske ya yi ƙasa da kuma hana shi bushewa. Tana da bitamin C, kuma abin da ke sa cikinta ja yana cikin abubuwan da ke taimaka wa ido jure lalacewar da shekaru ke kawowa. Ga ruwa, wanda a gari mai zafi irin wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ido. "Amma Inna," in ji ta, "kankana kiwon ido take yi. Yanar da ta riga ta rufe, ko gona guda kika cinye ba za ta ɗaga ba." Ta sa aka auna mata sukari da hawan jini, ta ce ta ci gaba da shan abarta, amma yanka ɗaya ko biyu ya isa, ta haɗa da ganye irin su zogale da alayyafo da karas.

Dubawa kawai ta zama aiki. Aka fara da idon dama, wanda ya fi rufewa. Ina zaune a benci ina jan carbi, ban ma san me nake karantawa ba, sai ga ta an fito da ita da bandeji, tana mitar wai an ce za a yi aiki ashe har an gama ba a gaya mata ba. Da aka buɗe idon washegari, ta ƙifta, ta ƙifta, ta dubi ƙanwata ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Ke, wa ya ce miki wannan hijabin ya yi miki kyau?" Ƙanwata ta fashe da kuka da dariya lokaci guda, ni ma na juya na goge nawa.

Muka ƙara 'yan kwanaki don a sake dubawa, Inna ta ce sai an mayar da ita Hubbare, wai wancan zuwan ba ta ga komai ba. Muka koma, ta ƙare wa wurin kallo ta cikin baƙin tabarau da aka ba ta. Ranar tafiya Hajiya ta haɗa mana kilishi da fura, dattijon Dundaye ya aiko da kankana har mota ta zauna. Surukan biyu suka yi sallama a zaure, kowace na ce wa 'yar'uwarta ita ce da godiya.

A hanyar dawowa ba wanda ya huta. Inna ta karanta mana duk allon da ke da rubutun ajami ko Larabci, ta yi sharhi a kan gonakin mutane, ta gaya wa abokina cewa tuƙinsa na ganganci ne, da can ba ta gani ne kawai.

Abin da na koyo a tafiyar nan, jama'a, ku sha kankana, tana da amfani ga ido, kuma ta Sakkwato ta fi kowace. Amma in tsohonku ya fara bin bango, kada ku tsaya wurin mai baro, ku kai shi a duba. In kuma ya ƙi, faɗa ba ya kai shi. Ni na yi shekaru ina gardama da Inna ban ci nasara ba, Hajiya ta gama da ita da kara da tabarma a gindin mangwaro.

Mun iso Funtua kafin magariba. Jikoki suka yo waje da ihu, Inna ta kama fuskar kowanne ta duba. Daga nan ta nufi ɗakinta ba tare da ta taɓa bango ba, ta tsaya a bakin ƙofa. Ta dubi yanar gizo-gizo a kusurwa, ta dubi ƙurar da ke kan kwanukanta na jere, ta dubi ƙarƙashin gado. Likita ta hana ta sunkuyo da shiga ƙura, don haka ta sa aka kawo mata kujera tsakar gida, ta zauna ta kira gidan kaf, har da ni.

"Ashe haka kuke zaune da ni, kullum ku ce an share? To, Allah ya tona ku. Kowa ya ɗauko tsintsiya, ina kallo."