Sista Kulu da Kwanon Rubutu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin karyawa aka bugo mini waya: Sista Kulu ta rasu.

Shayin yana nan ya huce, na kasa sha.

Yaran yanzu ba za ku san ta ba. Ita ta koya mana aikin jinya a Sakkwato zamanin soja, lokacin da kuɗin man fetur ya shigo, kowane ma'aikaci yana yanko sabon babur. An yi ta sauke mana injuna daga Turai, wasu har tsatsa ta ci su a akwati ba a sami wanda ya iya kunna su ba. Ita kuwa babban kayan aikinta cokalin shayi ne a aljihun farar rigarta. Muna yi mata dariya a bayan ido, kuma ni ne kan gaba, Allah Ya yafe mini.

Ciwon shanyewar ɓarin jiki ta sa a gaba. A lokacin in mutum ya faɗi bakinsa ya karkace, sai a ce iska ce ta buge shi, har wasu ma'aikatan asibiti haka suke cewa. Ita ta fara nuna mana jijiyar jini ce ke toshewa ko ta fashe a ƙwaƙwalwa. Ta ce kada a ba irin wannan majinyacin komai ta baki sai an gwada haɗiyarsa da cokali guda na ruwa, don in maƙogwaro ya shanye, huhu abin zai tafi.

In Turancin lacca ya fi ƙarfinka, za ta zaunar da kai ta maimaita da Hausa, ga masa mai zafi da ta zo da ita daga gida.

Ina shekara ta biyu a karatun jinya Babana ya faɗi a rumfarsa ta yadi. Muka kai shi asibiti, aka kwantar da shi a ɗakin da nake aiki. Baki ya karkace, yawu na zuba, magana ba ta fita.

Washegari da hantsi sai ga Baffa Sanda, yayan Baba, daga Ƙofar Marke da kwanon rubutu cike taf. Mutumin da a gidanmu ko tari ba a yi in yana magana. Ya ce mini, "Kai, tallabe mini kainai."

Jama'a, na san abin da zai biyo baya. A satin aka koya mana. Amma na buɗe baki in ce Baffa a'a, harshe ya ƙi.

Na tallabe kan.

Kwanon ya kusa baki Sista Kulu ta shigo. Ba ta yi ihu ba. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Baffa, ta karɓi kwanon da hannu biyu, ta yi bisimilla.

Ta ce, "Alhaji, wagga aya ta Allah, ba mu hana ta. Amma maƙoshinai na kwana, bai tashi ba. In kunka ba shi, huhu za ta tahi. Ku shahwa mishi da hannunku mai albarka, ranad da maƙoshi yat tashi ni da kaina za ni kiran ku."

Baffa ya dube ta ya dube ni. Can ya tsoma hannu ya shafa wa ƙanensa a fuska da hannun da ya shanye, yana addu'a.

Kwana goma sha biyu ta roba ake ba Baba kunu ta hanci. Rana ta goma sha uku ta gwada shi da cokalinta, ya haɗiye ba tari. Ta aika aka kira Baffa, shi ya ba shi rubutun da hannunsa, cokali-cokali. Baba ya ƙara shekara tara a duniya, yana jan ƙafa amma yana zuwa rumfarsa.

Daga nan Baffa Sanda ya zama likitan kasuwa. Ko wa ya faɗi, za ka ji muryarsa daga layin 'yan hatsi: "Kak ku ba shi ruwa! Ku kai shi asibiti!"

Ita ma ba ta zauna ba. Asibitocin ƙauye, ma'aikatan da ke tsallakowa daga Nijar, duk ta koya musu. Yau ɗalibanta na Makka, suna Ingila, suna Kamaru. Ni da na yi ritaya, duk wata ina koyar da ma'aikatan jinya daga ƙasashe daban-daban ta waya. Suna cewa Malam ya iya bayani. Ba nawa ba ne, aro na yi, kuma ina alfahari da inda na aro.

Watan jiya na je gaishe ta a Gidan Igwai. Ta tsufa, ido ya yi rauni, baki dai yana nan da kaifinsa. Na yi mata godiya kan Baba. Sai ta ce, "Garba, hwaɗa mini gaskiya. Da ban shigo ba, da ka hana shi?"

Na ce a'a, Sista.

Ta ce, "Na sani. Jijiya da ƙwaƙwalwa kowa na iya koya musu. Kai ka koya musu yadda aka ce ma babba a'a ba a ci mutuncinai ba. Nan na mutane ka mutuwa."

Shekara kusan hamsin ban taɓa gaya wa kowa ba, ko ƙannena. Yau ga shi na faɗa kowa ya ji: ina da ilimin a kaina, kuma da hannuna na tallabe kan mahaifina. Wannan baiwar Allah ce ta tsaya tsakani.

Allah Ya jiƙan Sista Kulu, Ya haskaka kabarinta, Ya shayar da ita ruwan Alkausara. Bayan azahar za a yi jana'iza. Wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku kafin ya wuce.