Bargon da Na Lulluɓa wa Shinshila

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Yau na ce bari ni ma in kawo nawa labarin, ko da za a yi mini dariya, don ni kaina in na tuna dariyar nake yi, alhali ranar da abin ya faru kuka na sha har na gode Allah.

A lokacin ni mace ce mai ji da kanta a harkar jego. A Jidda aka haife ni, kakannina ne suka zo aikin hajji suka zauna, a unguwar Waziriyya kuma nake aure. Duk wadda ta haihu a dangi ko a maƙwabta ni ake kira. Ni ce dafa ruwan ganyen darbejiya, ni ce dama kunun kanwa, ni ce kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, in jefa rimot ɗinsa a jakata, don a wurina babu abokin gaban mai ciki da mai jego irin sanyi. 'Yan matan yanzu su yi ta ƙunƙuni da Larabci, in ce ku yi, gobe kwa gode mini. 'Ya'yana sun yi aure sun watse, gida ya rage daga ni sai maigida, wanda yake kwasar kayan masu canja gida da ƙaramar motarsa.

Wata rana sai ga shi da keji a hannu an rufe da tsumma. Ya ce wasu ya kwashe wa kaya a unguwar Ruwais, za su bar ƙasar, suka ajiye kejin a ƙarƙashin matakala suka ce mai gadin ginin ya yi yadda ya ga dama da shi. Dabbobi biyu ne a ciki, ɗaya ya riga ya mutu, ɗayar ta lafe a lungu. Na ɗaga tsumman na leƙa, na yi baya ina salati. Na ce masa duk abin da ke cikin Jidda bai ga wanda zai kawo mini ba sai ɓera? Ya ce ba ɓera ba ne, mai gadin ya gaya masa sunanta shinshila, kuma shi dai ba zai iya barin mai rai a rana ya zo ya ci abinci ya ji daɗinsa ba. Na ce halas, shi ke nan, kwana ɗaya na ba ta, gobe ya san inda zai kai ta.

Wannan goben har yau ba ta zo ba. Abar toka-toka ce, kunnuwa fatan-fatan, jela buzu-buzu irin ta kurege, ga gashi mai laushin da in ka taɓa sai ka rasa ko ka taɓa wani abu. Takan zauna a kan ƙafafun baya ta riƙe tsinken ciyawa da hannu biyu tana gaigaya kamar tsohuwa da goro. Muka ajiye ta a falo, inda mukayyif ba ya mutuwa saboda maigida ba ya jure zafi, muna ba ta busasshiyar ciyawa da ragowar abincinta da aka bari a jikin kejin. Na sa mata suna Baƙuwa. Ni da na ce a fitar da ita, sai ga ni ina yanka kuɓewa ina ba ta labarin unguwa. Maigida ya ce to madalla, ya ga ɓera ya samu uwa.

Yayata ce ta fara lura. Ta biyo daga kasuwar Bab Makka inda take sayar da atamfa, ta zauna shan shayi, ta ƙura wa Baƙuwa ido, can ta ce ke, wannan abar taki fa ciki gare ta, dubi yadda ta yi faɗi ta ƙasa, wanda ya mutu ai mijin ne. Na ce ko dai ƙiba ce, ta ce ita dai ta faɗa, in ƙarya take kowa zai gani. Nan fa aka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Mai ciki a gidana, ni, tana kwana tana tashi a gaban mukayyif? Ina! Ban tambayi kowa ba, don a ganina wa zai koya mini wannan aikin.

Washegari da maigida ya fita, ana tsakiyar zafin nan na Jidda da danshin teku ke manne wa mutum riga a jiki, na ɗauki kejin na kai ɗan ɗakin ajiya da ke jikin kicin, wanda ko taga babu. Na ɗauko bargo mai kauri na lulluɓe. Na zuba mata dabino, tunda shi muke ba masu ciki, har da ɗan turaren wuta na sa a bakin ƙofa. Na kuma ɗora ruwa da niyyar in ɗan gasa mata jiki da tsumma, Allah ya taimake ta waya ta ɗauke mini hankali na manta. Bayan azahar na je dubawa ina fara'a, na yaye bargon. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Tana kwance a gefe ɗaya, kunnuwa sun yi jajawur, numfashi sama-sama, yawu ya jiƙa mata haɓa. Na taɓa ta, ko motsi. Na kira maigida ina kuka har bai gane abin da nake faɗa ba, da ya ji sunanta dai sai ya ce ga shi nan. Yana zuwa ya sunkuci kejin, yalla, sai asibitin dabbobi.

Likitan ya kwantar da ita a wuri mai sanyi, ya yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, sai da numfashinta ya fara daidaita sannan ya tambayi abin da ya faru. Na zayyana masa komai, har turaren. Ya dafe kai. Bai yi mini faɗa ba, khala ma yake ce mini, wato inna, amma ya bayyana mini cewa asalin wannan dabbar daga duwatsu masu tsananin sanyi take, gashinta ya fi bargona kauri, kuma ba ta gumi, don haka zafin da mu za mu ce da sauƙi ita ajalinta ne, wataƙila ma shi ya kashe mijin. Dabino yana kumbura mata ciki, ruwa kuwa ba a kusantar da shi jikinta, da wani garin ƙasa mai laushi take wanka. Na tambaye shi batun cikin. Ya ce akwai alama, amma ba zai matsa ta ko ya wahalar da ita da hoto a wannan halin ba, cikinsu yana kai kusan wata huɗu, sai dai mu jira. Ya ƙara da cewa ko da akwai, ba zai yi mini alkawarin zafin nan bai taɓa abin da ke ciki ba. Wallahi wannan maganar ta fi mari zafi.

Muka mayar da ita falo. Maigida ya samo mata ɓallin marmara tana kwanciya a kai don sanyi, muka sayo garin wankan. Ranar da ta fara birgima a ciki tana watsa mana shi, muka yi ta dariya har da hawaye, na san dai ita ta tsira. Saura abin da ke cikin. Hannuna yana ƙaiƙayi in lalluba in ji, amma na daure. Wata rana in ga kamar gefen cikinta ya motsa, wata rana in ce idona ne. Yaya kullum sai ta bugo ta tambayi lafiyar mai ciki. Har a sujada nake sa ta, da farko ina jin kunya, daga baya na ce ai wanda nake roƙo shi ya halicce ta.

Wata safiya na idar da sallar asuba sai na ji wani ɗan kuka siriri kamar na 'yan tsaki. Na leƙa. Biyu! Da gashinsu, ido a buɗe, tana lasar su suna ta ƙoƙarin shigewa ƙarƙashinta. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, har maƙwabciyata ta buga ƙofa tana tambayar ko 'yata ce ta sauka. Maigida ya dawo daga masallaci ya same ni zaune dirshan a ƙasa ina kuka ina dariya, ya ce mabruk, barka da arziki, kaka. Kafin hantsi ɗaya ya zurare ta tsakanin ƙarafen kejin, muka birkita falo, ashe yana cikin takalmin maigida ya yi lamo, sai da aka zagaye kejin da raga. Yaya ta iso da rantsuwar ba za a yi haihuwa a gidan ƙanwarta babu kunun kanwa ba. Muka dama, muka shanye abinmu, mai jegon tana gefe tana cin ciyawarta.

Abin da na koya shi ne tausayi ba tare da tambaya ba yana iya kisa, kuma sanin da ka daɗe kana taƙama da shi yana da iyaka. Don haka 'yan'uwa, in Allah ya haɗa ku da wata halitta da ba ku saba da ita ba, ku fara tambayar masu sani kafin ku yi mata abin da kuke ganin gata ne. Masu sayen irin waɗannan dabbobi don kwalliya kuma ku ji tsoron Allah, rai ne, ba a barinsa a ƙarƙashin matakala in an tashi tafiya. Kwanan baya wata ta zo tana roƙon in ba ta ɗaya yaranta su riƙa wasa da shi. Na tambaye ta inda za ta ajiye shi, ta ce a saman bene wajen tattabarunsu, inda rana take duka. Na ƙara mata shayi, na raka ta har bakin ƙofa, ta tafi hannu rabbana.