Motar Da Ta Kusa Korar Baba Ayinde Daga Malumfashi

Sau ɗaya tak na taɓa jin Baba Ayinde bakanike ya rantse, kuma bakina ne ya jawo.

A Malumfashi aka haife shi. Mahaifinsa ya zo daga Ogbomosho da tallan atamfa tun zamanin Turawa, ya zauna, a nan aka rufe shi. Ayinde ya tashi da Hausa tangaran a bakinsa. Yarbancinsa kuwa, matarsa Abike kan ce ko akuyar Ogbomosho ta fi shi iyawa. Sau biyu ya taɓa zuwa garin iyayen nasa, duka biyun ciwon ciki ya koro shi.

Garejinsa na ƙarƙashin wata bishiyar bedi, daura da shagon ɗinkina, injin niƙan Tasalla na ruri a bayansa daga hantsi har la'asar. Ba ya fara aiki da sifana. Sai ya zagaya mota, hannu a baya, kamar mai tayin sa, sannan ya sa direba ya riƙa juya sitiyari, shi kuwa ya kwanta a buhu yana dafa kowace gaɓa da yatsa har ya ji inda ke lilo. Daga Tsiga har Funtua, motar da ta gagara wurinsa ake turo ta.

Zuwa daminar 1982 jiki ya fara gaya masa gaskiya. Baya ya riƙe, kunne ya yi nauyi. Abike kuma, tunda 'yarsu ɗaya tilo, Adunni, ta yi aure a Ogbomosho, kullum maganarta ɗaya: ya tsufa, ya ajiye ƙarafa su koma gida. Shi kuwa sai ya nuna bedin nan da haɓa ya ce, "Ga gida."

A wannan daminar Maiwada, mutumin ƙauyen Ƙarfi, ya kawo motarsa. Ƙato ne, mai ladabi kamar sabon ango gaban surukai. Shekara shida ya yi yana tuƙa tarakta a wajen Funtua, da ya bari ya sayi tsohuwar Landiroba a gwanjo. Ita ke kai wa ƙauyensu taki, ita ke fito da mai naƙuda asibiti in hanya ta cika da taɓo. A cikin taɓon lafiya lau take. Amma da ta hau kwalta ta kai mil talatin da biyar, sai sitiyari ya kama rawa, gaban motar na karkarwa kamar mai zazzaɓin dare.

Baba ya kwanta ya dafa, ya ce kawunan tayarod ne, wato sandunan da ke kai wa taya umarnin sitiyari. Da gaske sun ci. Ya sauya. Bayan kwana uku Maiwada ya dawo. Aka ɗaure boris, ya dawo. Aka buɗe gwiwar da taya ke juyawa a kanta aka matse, aka sa wata shakazoba, ya dawo. Kuma duk zuwan da zai yi, da Baba ya sunkuya sai Maiwada ya tare shi.

"Haba Baba, da bayan naka? Ina tsaye?"

Maiwada ke sa jak, shi ke kwance noti, ya cire taya ya mirgina ta gefe, in an gama ya mayar. Iska kuwa da ƙarfe yake duba ta, ya ƙwanƙwasa ya ce daidai.

Ran Litinin da ya dawo na huɗu, bencina cike da 'yan zaman hira, Abike kuma ta kawo wa mijinta abinci. Ni da bakina ba ya zama, na leƙo daga kan keke na ce, "Baba, ko dai motar nan Yarbanci take ji? A kai ta Ogbomosho mana, ko can za a gane ciwonta."

Aka bushe da dariya. Abike ta ajiye kwano ta ce, "Faɗa masa, Malam Mudi. Hannu ya gaji, mai hannun ne bai sani ba."

Baba bai yi dariya ba. Ya goge hannu da tsumma a hankali, ya ce, "Wallahi tallahi, in aka sauko Juma'a motar nan na rawa, zan kwashe sifanuna in bi Iya Adunni."

Kafin la'asar Abike, wadda yake kira Iya Adunni, ta sayo igiya da buhunan ɗaure kaya.

Washegari na same shi. Na ce, "Baba, wasa nake yi. Rantsuwa kuma ai tana da kaffara, ka tambayi liman."

Ya ce, "Ba rantsuwar ba ce, Mudi mai baki. Motar nan mata masu ciki take ɗauka. In yatsana ya daina jin ciwon mota, zaman me nake yi a nan? In jira ta kashe wani?"

Kwana uku ya sake bin gaban motar gaɓa-gaɓa. Ran Alhamis ya ce in shiga mu gwada. Muka hau hanyar Funtua. Mil talatin, shiru. Na fara hamdala ke nan allura ta ɗaga, motar ta kama girgiza har hulata ta faɗo kan cinyata, haƙorana na tafi da junansu. Muka juyo gareji. Ranar ko ɗinkin aljihu ban iya yi ba.

Juma'a da hantsi mutane suka taru kamar wurin suna. Har Tasalla ta kashe injinta ta zo sallama, abin da ban taɓa gani ba sai ranar Salla. Maiwada ya ɗauko jak, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Yau aikina na ƙarshe ne. Ba wanda zai taɓa mini."

Ya ɗaga motar da kansa, yana nishi. Ya kwance notuna, ya kama tayar dama zai zaro. Ta zame daga hannunsa ta dira ƙasa, tim, ta kusa tafiya da shi. Ya yi zaman dirshan ya jingina kansa da ita. Na ga Abike ta juya baya tana gyara ɗankwali, ba don ya kwance ba.

Can sai Baba ya ɗago. Ya girgiza tayar, ya sake manna kunne.

"Mudi, zo ka ɗaga wannan."

"Ni, Baba? Almakashi ma da hannu biyu nake ɗauka."

"Zo dai."

Na kama, na yunƙura, ko motsi. Na ce, "Wannan taya ce ko dutsen niƙa?"

"To sunkuya ka duba mini bawul, idona ba ya gani."

Ya mirgina ta har bakin da ake sa iska ya koma ƙasa. Na sunkuya. Ya danna da ƙusa. Ruwa ya feso mini a fuska, baƙi, mai warin tsohuwar randa, har cikin bakin da ya jawo fitinar.

Aka yi ca. Baba ya dubi Maiwada. "Wa ya shayar da tayarka?"

Maiwada ya sosa ƙeya. "Ai ni ne, Baba. Da ruwa ya sauka na ɗura wa na gaban. Haka muke yi wa tarakta don ta yi nauyi ta kama ƙasa."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ka tambaye ni abin da ya lalace ne. Wannan kuwa gyara na yi mata."

"Taraktar taka mil nawa take gudu?"

"In ta yi fushi, goma sha biyar."

Baba ya riƙe haɓa. Na zaci zai zage shi tas. Sai ya ce, "Dabararka ta taɓo ce, ɗana, ba ta kwalta ba. Ruwa in taya ta yi gudu tsalle yake yi a ciki, sitiyari ya taya shi. Ni ma da laifina. Da na ɗauki tayar nan ran farko da hannuna, da ba mu kai yau ba."

Aka zare tif na cikin tayoyin gaban biyu aka matse, ta dama ta kusa cika bokiti biyu, ta hagu ko ɗaya ba ta cika ba. Aka sa iska. Wannan karon Baba ya ce Abike ta shiga gaba. Da suka dawo na tambaye ta, ta ce har mil hamsin ko ɗankunnenta bai motsa ba. Ta faɗa ne fuska a ɗaure, amma da hannunta ta miƙa wa Tasalla igiyar ta ce ta ɗaure akuya.

Buhunan dai ba su yi asara ba. Da kaka Baba ya cika su da dawa da gyaɗa, ya sa Abike a mota ta je ta yi wata biyu wajen 'yarta, kuma haka ya riƙa yi kowace shekara. Shi kuwa bai bar gindin bedin nan ba sai 1989, da muka kai shi kusa da mahaifinsa. Har ya rasu bai sake barin wani ya cire masa taya ba. In baya ya hana, sai ya aika a kira ni in kama masa gefe guda, wai na riga na san ɗanɗanonta.