Karen da Aka Bari a Turken Marmaro

Wata rana, Asabar ce a zatona, ko da yake 'yata Ummulkhairi ta ce Lahadi ce, na fita hawan dutse a bayan garinmu na Jos.

Likita ne ya ɗora mini wannan aiki. Ya ce tafiya tana taimakon ƙwaƙwalwa. Tawa kuwa ta fara yoyo. Sunayen mutane ne suka fara zubewa, yanzu abin ya kai ga hanyoyi.

Hanyar da nake bi, an yarda mutane su hau da karnukansu. Za ka ga ma'aikata, da matasa masu ɗaukar hoto, da Turawa jefi-jefi, kowa riƙe da igiyar karensa. Wasu karnukan har riga ake sa musu saboda sanyi.

Ni ban taɓa kiwon kare ba. Na yi shekaru ina koya wa ɗalibai yadda ake wanke ƙwaryar da kare ya sa baki a ciki. In na haɗu da shi a hanya, nakan tattare rigata in raɓe, ya wuce, in wuce. Ba gaba, ba zumunci.

A tsakiyar hawan akwai marmaro. Daga nan mutanen ƙauyen gindin dutsen suke ɗibar ruwan sha, don haka aka yi yarjejeniya: kare ba ya sauka bakin ruwa. Aka kafa turken ƙarfe a ƙarƙashin wani ɓaure. Ka ɗaure karenka, ka gangara ka sha, ka wanke fuska, ka dawo ka kwance shi.

Tsari mai kyau.

Shi ya sa in ka ga kare a turke shi kaɗai, ba ka tambaya. Ka san mai shi yana ƙasa.

Ku riƙe wannan. Ni nakan manta abu, ku kada ku manta.

Ina zaune a gindin ɓauren ina mayar da numfashi, sai ga wani mutum ya iso. Tsaf-tsaf da shi, takalminsa sabo fil, turarensa ya riga shi zuwa. Yana jaye da wani babban kare ja. Bakin karen ya yi furfura, idonsa ɗaya ya yi fari, yana ɗingisa ƙafar baya.

Ya ce mini, "Sannu da hutawa, Baba." Har da rusunawa.

Na amsa, na sa masa albarka. Na ce a raina, ga ɗan gidan tarbiyya.

Ya tsuguna, ya rungumo wuyan karen, ya ɗaga waya ya yi musu hoto yana murmushi. Sannan ya kwance abin wuyan karen, na fata ne mai kyau, da ɗan ƙarfe mai lambar waya a jiki, ya sa a aljihu. Ya zaro igiyar shanya ya ɗaure shi a turke.

Na ga wannan da idona. Ban dai fassara shi ba.

Ya gangara wajen marmaro. Karen ya bi bayansa da idon nan guda mai gani, yana kaɗa wutsiya.

Ni kuma gyangyaɗi ya ɗan ɗebe ni. Da na farka, karen na nan yadda yake, wasu 'yan mata suna ɗaukar hotonsa. Na ce ƙila mai shi alwala ya tsaya yi. Na ɗauki sandata na kama gangara.

A ƙasa akwai filin da ake ajiye motoci. Akwai wata dattijuwa mai gasa masara a bakin filin, Ngo Kaneng. Sunanta bai taɓa ɓace mini ba, ban san dalili ba, ƙila don masararta.

Wa zan gani jingine da mota yana gaigayar masara?

Mutumin nan.

Ashe daga marmaro akwai wata 'yar hanya da ke zagayowa filin. A kujerar bayan motarsa ga ɗan kwikwiyo, wuyansa yana iyo a cikin abin wuyan fatan nan.

Na matsa na ce, "Ɗana, ka manta karenka a sama."

Ya yi 'yar dariya. "Ban manta ba, Baba. Kyaftin ya gama aiki. Fitsari yake mini a baranda. Rannan na dawo daga tafiya, ya tsaya yana kallona kamar baƙo. Abin da bai gane ka ba, ka ajiye shi ka yi me da shi?"

"To wa zai kwance shi?"

"Wani mai tausayi mana. Wurin nan ai ba ya rabo da mutane."

Ya karya masarar gida biyu ya miƙo mini rabi.

Jama'a, na ga ƙazanta iri-iri a rayuwata. Na taɓa kwana a tashar mota kusa da kwata. Amma ban taɓa jin abu ya tayar mini da zuciya kamar rabin masarar nan da ke cikin hannu mai tsabta da ƙamshin turare ba.

Ban karɓa ba.

Domin a cikin makon nan ne Ummulkhairi ta kawo mini kunu da safe, na dube ta na ce, "Yarinya, 'yar gidan wa ce ke?"

Ta ce, "'Yar gidanka ce, Baba. Sha kafin ya huce."

Ta zauna kusa da ni har na shanye.

Mutumin ya goge hannu, ya sake rusuna mini, ya ja motarsa. Fara ce, ko ruwan toka. Wannan ya zube.

Ngo Kaneng ta ji komai. Ta tsartar da yawu gefe, ta nuna mini gabas da muficinta. "Baba Malam, ka ga hadarin can? Da ƙanƙara yake tafe. Tsohon kare in ya kwana a sanyin nan a ɗaure, sai dai a tarar da gawarsa. Ni gwiwata ba ta hawa dutse."

Na ce zan koma.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai? Kai da kake nannaɗe riga in ka hango kare kamar za ka haye kogi?"

Na ce ni ɗin dai.

Ta ba ni buhun da take rufe gawayi, ta ce in yafa a ka.

Ina hawa, mutane suna saukowa da sauri, suna gudun ruwa. Duk wanda na tara sai in tambaye shi ko ya ga kare a turke.

Kowa ya gan shi.

Kowa kuma amsarsa ɗaya: mai shi yana marmaro ai.

Ban ga laifinsu ba, ni ma haka na ce ɗazu. Abin da ya ƙara mini ƙyama ke nan. Mutumin nan bai zaɓi turken a banza ba. Ya san wuri ne na amana, inda ba wanda zai tambaye shi, ba kuma wanda zai taɓa karen wani. Ya ce wai mai tausayi zai kwance shi, alhali ya ɗaure shi a inda masu tausayi za su wuce shi da kyakkyawan zato.

Na iske Kyaftin yana rawar sanyi, fuskarsa har yanzu tana kallon hanyar marmaro.

Na yi bismilla na kama igiyar. Ƙullin ya ƙi. Ba irin ƙullin da mai niyyar dawowa yake yi ba ne. Sai da na zaro 'yar wuƙar da nake fiƙe alƙalami na yanke.

Na ɗago kai, hazo ya rufe dutsen. Yayyafi ya fara.

Na juya dama, na juya hagu. Hanyoyi ne a gabana, duk kamarsu ɗaya. Wadda na bi sau ba adadi ta ɓace mini ɓat. Na tsaya da guntun igiya a hannu, tsoho da tsoho.

Sai na ji an ja igiyar.

Karen ne. Ya sa hanci a ƙasa, yana ɗingishi, yana ja. Na bi shi. Inda dutse ke da santsi yakan tsaya sai na sauko. Ƙanƙara ta fara dukan buhun da ke kaina, shi ko buhun babu.

Bai kauce ko sau ɗaya ba har muka fito filin motoci.

Ngo Kaneng ta kira shi, ta jefa masa masara. Bai ko waiwaya ba. Ya ja ni har daidai inda motar mutumin nan ta tsaya, inda sawun tayarta yake a cikin laka. Ya sunsuna wurin, ya zauna a kai, ya fuskanci titi.

Yana kaɗa wutsiya.

Karen da aka ce bai gane mai shi ba ke nan.

Da ƙyar muka janye shi zuwa rumfa. Yanzu yana wurin Ngo Kaneng, yana kwana kusa da murhun gawayi, ya ɗan yi kumari. In na je, har yanzu nakan tattare rigata, ita kuma ta yi ta mini dariya. Amma nakan tafi masa da ƙashi a leda.

Duk motar da ta shigo filin, sai ya ɗaga kai.

Hoton nan kuwa, ƙila yana can yana yawo a wayoyi, mutane suna yaba wa mutumin da son dabbobi.

Darasi: Tsohon da ke gidanka, mai ƙafa biyu ne ko mai huɗu, zai iya duban ka wata safiya ya kasa gane ka. Ba yin kansa ba ne. Kai da ka gane shi sarai, a kanka nauyin yake. Kuma in ka ga wata halitta a ɗaure ita kaɗai, kada kyakkyawan zato ya hana ka tsayawa ka tambaya ina mai ita.

Ku tura wa duk wanda ke da tsoho a hannunsa. In kuma kun ga na manta na sake ba ku labarin nan gobe, ku yi mini irin na Ummulkhairi: ku zauna ku saurara, sannan ku sake turawa.