Wayar da Ba a Yi wa Injiniya Ba

Injiniya ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran kwamfutoci a wani kamfanin rarraba magunguna, tun zamanin da allon kwamfuta ke da ƙatuwar ƙeya har ya yi ritaya. Shi ya koya wa ƙaninsa riƙon sukudireba, shi ne kuma ya ɗora yatsun 'yarsa ta cikinsa a kan madannan kwamfuta tun tana firamare. Uwata yake ce mata. Da ta samu aiki a ɗakin karatun wata kwaleji, ya ɗauka duk abin da ya shige mata duhu shi za ta nema.

Wata Asabar ta zo gida da kwamfutarta, ta baje a teburin falo. An sa ta girka wasu manhajojin rumbun bayanai, irin na kyautar nan da kowa ke iya buɗe cikinsu ya gyara, don a zuba sunayen littattafai. Babbar manhajar ta ƙi hawa sai an kawo mata wasu ƙanana da take dogaro da su, kuma in an sauko da ɗaya, sai ta ce ita ma wata take jira. Injiniya na kan kujerarsa, har ya ciro tabarau. Uwata ta ɗauki waya ta kira Baba Ƙarami, wato ƙanin nan nasa.

A kunnensa aka yi komai. Tana karanto jan rubutun da ke fitowa, ƙanin na tambaya, suna dariya kamar sa'o'in juna. Injiniya ya mayar da tabarau aljihu, ya ce wa matarsa shayin ya huce, alhali tururi yake yi.

Daga ranar, gaisuwar ƙaninsa ta koma amsa ciki-ciki. Da an ambaci sunansa sai ya tuna wa mutane cewa shi ya raine shi. Matarsa ta ce ita dai ba ta taɓa ganin kishi da furfura ba sai a gidanta.

A ɓoye ya kakkaɓe tsohuwar kwamfutarsa a ɗakin ajiya, ya shiga girka manhajojin, don ya nuna wa Uwata hanya mafi sauƙi. Abu ya ci tura. Ɗaya daga cikin ƙananan na son sabon samfuri, wata kuma ba ta aiki sai da tsohon. Ya tilasta musu, har abin da ke aiki a da ya tsaya.

A haka ƙanin ya same shi, ya zo jin laifin da ya yi wa yayansa. Ya jawo kwali ya zauna, hannuwansa a kan gwiwa, bai taɓa komai ba. Ya dai ce a duba layin ƙarshe na kuskuren, a bar na farko. Injiniya ya karanta yana ƙunƙuni, ya gano da kansa cewa sai an ware wa manhajar wurinta daban, don samfuran su daina karo. Da ta hau, bai yi godiya ba. Ya tambaya me ya sa 'yarsa ta tsallake shi.

"Yaya, kai karɓewa kake yi ka gyara mata," in ji ƙanin. "Ta tashi ba ta san me aka yi ba. Ni kuwa ta waya hannuna ba ya kaiwa."

Injiniya ya ce wannan ba dalili ba ne. Amma ya raka shi har bakin titi.

Yanzu Uwata na kiransa jefi-jefi, yana kuma ƙoƙarin barin ta ta gama bayani. Kafin ya ji matsalar dai, sai ya tambaya ko ta riga ta kira wani. Takan ce a'a. Bai cika yarda ba.