Kifin da Babayo Ya Nuna wa Baƙi

Babayo masunci ne ɗan masunci, a wani ƙauye da ke bakin fadama tsakanin Nguru da Gashuwa. Tun bai iya ɗaura wando ba yake kifa ciki a kan gora yana bin ruwa. A ƙuruciyarsa bandar gidansu, inda ake gasa kifi da hayaƙi, ba ta taɓa hucewa ba. Halinsa ɗaya kowa ya sani: ko da yunwa ya kwana, da safe zai fito ƙofar gida yana sakace.

Sai damina ta fara gajarta, ruwan da ke malalowa daga yamma ya ja baya, ciyawar kachalla ta toshe hanyar da yake shigo musu. Kifi ya yi wuya.

Wajen 1998 bulama, wato mai gari, ya tara mutane ya ce masu bincike za su zo su auna asarar da sauyin yanayi ya jawo, kuma garin da ya fi jigata shi za a fara yashe wa hanyar ruwa. A gidan Babayo za a sauke su, tunda shi ne babba a masunta. Duk wannan bayani, kalma ɗaya kunnen Babayo ya kama, wato baƙi.

Ya naɗe tarunsa na ƙarshe ya kai kasuwar Nguru, ya musanya shi da kwanduna biyu na tarwaɗar da aka kawo daga Baga. Ya dawo ya jere ta a banda, ya hura wuta.

Matarsa Hadijatu ta ce, "Malam, wahalarmu fa suka zo gani."

"To tsirara zan yi musu? Baƙo ya shigo gidan masunci ya sha miya lami? Haba!"

Baƙi suka ci suka ƙoshi, suka ɗauki hoton banda. Babbansu ya tambayi yadda sana'a take.

"Alhamdulillahi, sai godiya," in ji Babayo. "Ruwa yana ciyar da mu."

Bulama yana tsaye, amma wa zai ƙaryata dattijo a gaban baƙi? Ya sunkuyar da kai.

Da rani motar yashe hanyar ruwa ta wuce su, ta nufi wani gari wajen Karasuwa. Kowa ya san kifin Babayo ne ya jawo. Samari suka yi ta tafiya tafkin Chadi, har da ɗansa. Kunya ta kama shi sosai. Ya koma sahun baya a masallaci, ya daina sakace, ya koma yankan kachalla yana saƙa tabarma.

Shekaru suka ja, wasu masu binciken suka zo. Babayo da kansa ya roƙi bulama a kawo su gidansa. Ya shirya magana tsaf, har ya maimaita ta a gaban Hadijatu. Mutanen gari suka cika tsakar gida.

Baƙon ya ce, "Baba, yaya sana'a?"

Babayo ya ji "sai godiya" ta taho har bakin leɓensa. Ya datse haƙora. Abin da ya shirya ya ƙi fita. Sai ya kama hannun baƙon, ya ja shi zuwa banda, ya ɗage tsohon buhun da ke rufe da ita.

Kaza ce kwance a cikin toka, a kan ƙwanta.